Wayoyin da Suka Gaza Kaiwa

A shekarar 2006, ma'aikatan Airbus da ke haɗa ƙaton jirgin nan A380 a birnin Toulouse na Faransa sun yi ta jan wayoyin lantarki suna ƙoƙarin sada su da mahaɗarsu, wayoyin kuwa suka ƙi kaiwa. Jirgin na ɗauke da wayoyi kusan 100,000, tsawonsu gaba ɗaya ya kai kilomita 530. A allon kwamfuta komai ya dace. A cikin jirgin gaske, wasu ƙullin wayoyin sun yi gajarta.

Asalin matsalar yana cikin manhajar zane. Injiniyoyin Jamus da Sifaniya suna aiki da CATIA ta 4, na Faransa da Birtaniya kuma sun koma ta 5, wadda aka rubuta ta sabuwa fil, tsarin ajiye bayananta daban. Duk zanen da aka ɗauko daga Hamburg ta Jamus sai an juya shi kafin ya zauna cikin babban samfurin jirgin, kuma a wajen juyawar ne wasu gyare-gyare suka riƙa salwanta. Ga shi kowane kamfanin sufuri yana son a tsara masa cikin jirgi yadda yake so, kowace buƙata kuwa tana motsa hanyar wayoyi. Aka yi jinkirin kusan shekara biyu. Sai a watan Oktoba na 2007 Singapore Airlines ta karɓi jirgin farko, bayan uwar kamfanin Airbus ta sanar da cewa jinkirin zai rage mata ribar Yuro biliyan 4.8.

Babu injin zamani da samfuri ɗaya zai iya bayyana shi gaba ɗayansa. Mai tsara buƙatu yana amfani da SysML, harshen zane da ƙungiyar OMG ta fitar da bugunsa na farko a 2007, don nuna sassan inji da yadda suke hulɗa. Mai lissafin sarrafa tuƙi yana kan Simulink. Mai nazarin zafi da matsin ruwa yana kan Modelica. Daga wasu samfuran ma kai tsaye ake fitar da manhajar da za ta tuƙa jirgi, kamar yadda Airbus ke yi da SCADE. Kowanne na ganin abin da sauran ba sa gani, shi ya sa ake buƙatarsu duka. Haɗarin yana kan iyakar da ke tsakaninsu, inda ake fassara maganar wani samfuri zuwa harshen wani.

Hukumar NASA ta ɗanɗana wannan tun 1999. Manhajar kamfanin Lockheed Martin ta riƙa ba da ƙarfin turawar kumbon Mars Climate Orbiter da ma'aunin fam, masu lissafin hanya kuma suna karanta lambobin a matsayin niyuton. Bambancin ninki 4.45 ne. Kumbon ya kusanci duniyar Mars fiye da kima, ranar 23 ga Satumba aka daina jin ɗuriyarsa.

Abin takaici shi ne, manhajar da ke juya samfuri zuwa samfuri sau da yawa ana ɗaukarta ƙaramin aiki, alhali ita ce take yanke hukuncin abin da zai tsallaka da abin da za a bari a baya. Ta cancanci gwaji mai tsanani kamar na fiffiken jirgi. An ƙirƙiro harsuna musamman domin rubuta ƙa'idojin juyawa a fili, irin su QVT da ATL, ta yadda wani injiniya zai iya duba su ya kama kuskure.

Masu ƙera motoci na Turai sun bi wata hanyar. Daga wani aiki da Daimler ta assasa aka fitar da ƙa'idar FMI a 2010: maimakon a fassara samfuri, sai a ƙunshe shi yadda yake, tare da takardar da ke lissafa abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa, sannan a gudanar da samfurai da yawa tare. A takardar akwai gurbin rubuta ma'aunin kowace lamba, sai dai ƙa'idar ba ta tilasta a cike gurbin ba.