Kulocin tsere ko na gida: Zaɓin da ke gaban direbobin hanyar Marnona

Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Marnona a lokacin kakar albasa zai ga motoci suna wucewa kamar za su durƙusa. Golf ce ko Sharon ko a-kori-kura, an cika ta da buhunan albasa da tafarnuwa da shinkafa daga fadamun Wurno da Rabah da kewayen madatsar ruwa ta Goronyo, an nufi Sakkwato.

Kaɗan ne daga cikin motocin nan suke yadda kamfani ya ƙera su. An ƙara wa wasu sifirin, an ɗaga bayan wasu, wasu kuma an cire injinsu na asali an dasa wanda ya fi shi ƙarfi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lodi ya ƙaru, domin sawu ɗaya ne direba ke son ya fitar da kuɗin mai da balas.

Abin da ke fara kokawa da wannan nauyi shi ne kuloci. Kuma a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa kowa ke gudun dare ya riske shi a hanya, ƙonewar kuloci a tsakiyar daji ta wuce maganar asarar kuɗi.

Me ke kashe kuloci?

Kuloci ne ke haɗa inji da giya, yake kuma raba su. Faifansa na zaune tsakanin fulawil da murfin da ke matse shi. Duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye, sai faifan ya ɗan yi santsi kafin ya kama, kuma wannan gogayya ce ke haifar da zafi.

A doguwar hanya, idan mota ta miƙa, kuloci hutawa yake yi. Wahalarsa na farawa ne a inda ake tashi ana tsayawa: shingayen bincike, ramuka, cunkoson ranar kasuwar Achida, da gosulon kewayen babbar kasuwar Sakkwato. Mota mai lodi ta fi daɗewa tana santsi kafin ta motsa, don haka zafin ya fi yawa. Warin ƙauri da direba ke ji a irin wannan wuri, faifan ne ke cin kansa.

Kulocin tsere ba na gosulo ba ne

Direban da ya gaji da canjin faifai yakan nemi abin da ya fi ƙarfi, musamman yanzu da bidiyon masu gyaran motocin tsere ya cika YouTube da TikTok. A can ake ganin faifai mai kunnuwa huɗu ko shida, wanda aka yi fuskarsa da haɗin ƙarfe da tangaran.

Gaskiya ne irin wannan faifai na jure zafi, yana kuma riƙe inji mai ƙarfi. Sai dai ba ya san lallashi: ko ya saki, ko ya cafke gaba ɗaya. A cikin cunkoso mota za ta riƙa fizga tana karkarwa, ko ta riƙa mutuwa. Yana cin fuskar fulawil da sauri, kuma duk fizgar da ya yi, giya da shaf ne ke ɗaukarta. Murfin da ake haɗa shi da shi kan yi tauri, ƙafar hagu ta gaji, wayar kuloci ko famfonsa su riƙa samun matsala.

Lambobin da ake rubutawa a kwali, mataki na 1 ko na 2 ko na 3, su ma ba ma'auni ɗaya ba ne. Kowane kamfani da nasa lissafin.

Ga motar da ke yini a cunkoso, faifai cikakken zagaye mai fuskar zare da ƙananan sifirin a tsakiya ya fi dacewa. Yana kamawa a hankali, sifirin ɗin kuma na shanye girgizar inji.

Lodi daban, ƙarfin inji daban

A nan ne direbobi da yawa ke kuskure. Ƙara wa mota sifirin ba ya ƙara wa injinta ƙarfi, saboda haka kulocin asali mai kyau ya isa ya riƙe shi. Zafin tashi da nauyi ne ke kashe faifan, kuma maganinsa rage lodi da gyara ƙafa: tashi a giya ɗaya, ɗauke ƙafa daga kan kuloci da zarar mota ta motsa, da jan birkin hannu a kan gangara maimakon riƙe mota da rabin kuloci.

Wanda ya canza inji kuwa, dole kulocinsa ya dace da sabon injin da kuma haƙoran giyar da ke jikin motar. Wasu Sharon masu shan gas na da fulawil mai hawa biyu, wanda idan ya lalace, sabon faifai kaɗai ba zai hana karkarwa ba.

Kafin a biya kuɗi

Sunayen da aka sani a wannan fanni sun haɗa da Sachs da LuK da Valeo na Turai, da Exedy da Aisin na Japan. Amma daga shagunan Sakkwato har Ƙofar Ruwa a Kano, jabu na yawo a cikin kwali mai kama da na gaske. Na Beljiyam kuma, sai an duba kaurin fuskarsa da lafiyar sifirinsa.

Tunda sauke giya ne babban aiki, ya fi sauƙi a canza faifai da murfi da boris ɗinsu lokaci guda, a duba fulawil, a kuma tabbatar mai ba ya yoyo a kan faifan. Sabon kuloci na buƙatar 'yan ɗaruruwan kilomita na tuƙi a hankali kafin a ɗora masa cikakken lodi.

Akwai gwajin da direba zai iya yi kafin ya bar tasha: ya ja birkin hannu, ya sa giya uku, ya saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, kuloci na kamawa. Idan ya ci gaba da aiki, gara motar ta kwana a gareji da ta ɗauki hanyar Goronyo da yamma.