Mazubi ba ya mantuwa: daga gangar wiski zuwa bidon ruwan Tawa

A yankin Sikotlan na Birtaniya akwai mutanen da sana'arsu ita ce shinshinar giyar wiski. Musulmin Adar ba ruwansa da shanta, amma abin da suka gano game da mazubi ya shafi ruwan da yake sha kullum.

Dokar 2009 ta ce ba a kiran giya wiskin Sikotlan sai ta yi aƙalla shekara 3 a cikin gangar wani icce mai ƙarfi da ake kira ok. Wadda aka fi ji da ita, da sha'ir tsantsa ake yin ta a masana'anta guda. Sa'ad da aka tatso ta fara ce fat kamar ruwa, a ganga take samun launi da yawancin ƙamshinta. Tun shekarun 1980 wasu kamfanoni suka ƙara wata dabara: idan ta tsufa, sai a juye ta ta yi ƴan watanni a gangar da ta taɓa ɗaukar wata giya. Kamfanin Balvenie yana da mai shekara 14 da ake ƙarasawa a gangar rom, giyar rake ta tsibiran Karibiyan. Mai ɗanɗanawa yakan fara da hanci, ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki, sannan ya jira abin da zai saura a maƙogwaro. A nan yake jin zaƙi-zaƙin mazarƙwaila, alhali ba a sa rake ko gaɓa ɗaya ba. Icce ne ya sha rom, ya mayar wa wiski.

Makiyayin Abalak ko Cintabaradan ba ya buƙatar a koya masa wannan. Ruwan sabuwar salka yana da ɗan bauri da launi ja-ja, domin da bagaruwa aka jeme fatar, kuma sinadarin da ke cikin bagaruwa, wato tanin, dangi ne na wanda ke cikin iccen ok. Randa kuwa ƙamshin ƙasa take bayarwa, tana tsattsafo ta ƙananan ƙofofin jikinta, iska na busarwa, ruwan na sanyi.

Yau bido ya kori salka a kan jaki, ya mamaye amalanken ƴan garuwa a unguwannin Tawa. Ba laifi, ya fi sauƙi kuma faɗuwa ɗaya ba ta kashe shi kamar tulu. Sai dai mutane da yawa suna zaton roba ba ta shan komai, kuma a nan kuskuren yake. Yawancin bido masu ruwan ɗorawa na man girki ne, wanki mai kyau ya ishe su. Amma wanda ya taɓa ɗaukar esansi ko gazuwal, man yana shiga cikin jikin robar kanta, ya riƙa fitowa a hankali, musamman idan bidon ya wuni a ranar watan Afrilu. Omo da toka suna wanke saman roba ne kawai.

Mafi muni shi ne mazubin maganin ƙwari, irin wanda masu lambun albasa da tumatir ke fesawa a fadamu. Hukumar abinci ta FAO da ta lafiya ta OMS sun hana a zuba ruwa ko abinci a cikinsa, ko sau nawa aka ɗauraye shi. Shawararsu ita ce a ɗauraye shi sau 3, a huda shi, don kada wani ya tsince shi ya kai gida.

Mai sayen tsohon bido a kasuwa zai iya aron dabarar masu shinshina. Ya cika shi da ruwa mai tsabta, ya rufe, ya bar shi a rana wuni guda, sannan ya buɗe ya sa hanci kafin baki. Idan ya ji warin mai ko na magani, bidon bai dace da ruwan sha ba. Amma hanci ba ya kama kowane guba, shi ya sa tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: me aka fara zubawa a ciki?