Tsofaffin Motocin Alfarma Masu Tafiya Kan Iska: A Yi Awo Kafin a Sayi Kaya

LEGAS: Duk wanda ya saba zagaya garejojin da ke kewaye da kasuwar kayan gyaran motoci ta Ladipo a Legas, ko kuwa ƙauyen kanikawa na Apo a Abuja, ba zai rasa cin karo da wata ƙasaitacciyar mota da ta durƙusa kamar raƙumi ba, bodinta ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinta sun shige ciki. Sau da yawa injin irin wannan mota lafiyarsa ƙalau, haka ma giyarta. Abin da ya kwantar da ita kurum shi ne iskar da ke ɗauke da ita ta sace.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwa ta fuska biyu, wato dillalan motocin tokumbo da ke zuba jarinsu a ciki, da kuma masu sayen irin waɗannan motoci domin hawa. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta riƙa yanke wa Naira daraja, farashin kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka sayen abin da ba shi ne ya lalace ba ya zama asarar da ba kowane aljihu ke iya jurewa ba.

Ɗora mota a kan iska maimakon sifirin na ƙarfe ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin Cadillac na Amurka ya yi amfani da ita a motarsa Eldorado Brougham a 1957, Mercedes-Benz na Jamus kuma ya sa ta a samfurin 300SE a 1961. To amma ba ta bazu sosai ba sai da aka haɗa ta da kwamfuta. Lexus LS400 ta fito a 1989 da wannan tsari ga mai son ƙarin kuɗi, Range Rover ta karɓe shi a 1992 ta kuma ci gaba da shi a samfurin P38 na 1994, sannan Mercedes ta fito da tsarinta mai suna Airmatic a S-Class samfurin W220 a 1998. An daina ƙera W220 a 2005, wanda ke nufin ko autarsu ta kai shekara 20 a 2025.

YADDA TSARIN KE AIKI

A kowace kusurwa ta motar akwai jakar roba mai kauri wadda kanikawa ke kira balan-balan, ita ce ke ɗauke da nauyi. Akwai ƙaramar kwamfaresa mai aiki da wutar batir da ke tura iska, da ɗan kurtun busar da iskar, da tankin ajiya, da akwatin bawul da ke raba iska ta siraran tiyo zuwa kowace jaka. Kusa da tayoyi kuma akwai na'urorin auna tsayi masu ɗan hannu da ke motsi tare da ƙafar motar, su ne ke sanar da kwamfuta ko motar ta yi sama ko ta yi ƙasa. Idan an ɗora kaya, kwamfuta kan ƙara iska. Idan an sauke, ta rage. Da yawa daga cikin motocin kan sauko kaɗan da kansu in sun ɗauki gudu a babbar hanya, kuma direba na iya ɗaga su da maɓalli a hanya maras kyau.

Ya kyautu a bambance wannan da wani tsarin da ake yawan rikita su. Lexus LX470 da wasu manyan Land Cruiser, da kuma Marsandi masu tsarin ABC, suna hawa da sauka ne da ƙarfin mai na musamman, ba da iska ba. Gyaransu dabam ne, kuma zuba musu man birki ko wani man da ba nasu ba na iya lalata tsarin baki ɗaya.

AWO DA DARE GUDA

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota shi ne a garzaya a canza kwamfaresa da zarar an ji ta yi shiru. Gaskiyar magana ita ce ba kasafai kwamfaresa ke mutuwa haka kawai ba. An ƙera ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta. Idan wata jaka tana yoyo, sai ta dinga aiki babu ƙaƙƙautawa don cike giɓin, ta yi zafi, zoben fistin ɗinta ya cinye, daga bisani ta ƙone. Wanda ya sa sabuwa bai toshe yoyon ba, tamkar mai ɗiban ruwa da kwando ne, domin sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

Binciken farko bai bukatar komai illa tef ɗin awo, da takarda, da haƙurin dare guda. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar tayoyi, a bar ta ta kai tsayinta na yau da kullum, sannan a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodin da ke samanta, a rubuta. Bayan an kashe injin, sai a zare fiyus ɗin tsarin. Dalilin haka shi ne wasu motocin, kamar Range Rover P38, kan farka da kansu lokaci-lokaci su daidaita tsayi, su sauke sauran kusurwoyi su biyo wadda ta yi ƙasa. Da safe sai a tarar da motar duk ta kwanta, ba a san inda matsalar ta faro ba.

Washegari sai a sake awo. Idan kusurwa guda ce ta sauka, zargi ya faɗa kan jakar wannan wuri, ko tiyonta, ko bawul ɗinta. Idan duka huɗun sun sauka daidai wa daida alhali an zare fiyus, a dubi akwatin bawul. Idan kuwa babu wadda ta sauka amma motar tana tsayawa a karkace bayan an tayar da ita, to babu yoyo. Na'urar auna tsayi ce ke ba kwamfuta labarin da ba daidai ba, ko ɗan hannunta ya karye, ko ya lanƙwashe, abin da ramukan hanya da ƙunyar rage gudu kan haddasa.

Ruwan sabulu shi ne mataki na biyu. A fesa shi a jikin jakar, musamman inda robar ke naɗewa a ƙasa, da saman inda tiyo ke shiga, da mahaɗar akwatin bawul. Inda kumfa ya riƙa tasowa, nan ne ɓarakar. Yana da kyau a gwada a tsayi dabam-dabam, domin akwai tsagar da ke ɓuya a cikin naɗin roba, ba ta buɗewa sai motar ta ɗaga.

Idan motar ba ta yoyo amma tana jinkirin tashi, ko kwamfaresa na dogon gurnani, to ƙarfinta ne ya ragu. Kafin a yanke mata hukunci, a duba fiyus da rile da matatar shigar iska da kuma ƙarfin batir. An san W220 da matsalar maƙalewar rile, wadda kan bar kwamfaresa tana aiki har ta ƙone, don haka ake canza su tare. Raunin batir kuwa kan sa kwamfuta ta kunna fitilar gargaɗi ba tare da wani abu ya lalace ba.

IN TAFIYA TA YI TAURI

Wani koken da ake yawan ji shi ne motar tana tsaye daidai amma taushin tafiyarta ya gudu. A nan ma tsayi ne abin dubawa na farko. Motar da ta yi ƙasa fiye da kima tana zaune ne kan robar tokari ta ƙarshe, kowane rami sai ya daki kujera. Wadda ta yi sama fiye da kima kuma kan yi tauri tana tsalle, tana cin taya ta gefe guda. Hakan kan faru idan an canza na'urar auna tsayi ko wata ƙafa ba a sake saita tsayin da kwamfutar bincike ba.

Bugu da ƙari, jakar iska tana ɗaukar nauyi ne kurum. Shokozoba ce ke kashe lilo. Idan motar na ta lilo bayan ta haye tudu, ko ana ganin mai na naso a jikin ƙafa, shokozoba ta gaji. A motocin da kwamfuta ke sarrafa taurin shokozoba, tsinkewar waya guda kan sa tsarin ya koma matakin tauri ya tsaya a can. Har ila yau, tsofaffin bushin, da cika wa taya iska fiye da yadda aka rubuta, da sa manyan rim masu siririn taya don ado, duk kan ɓata tafiya a ɗora wa iska laifi.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa rabon. Laimar Legas da Fatakwal kan cika ƙwayoyin da ke cikin kurtun busar da iska, irin waɗanda ake gani cikin 'yar takarda a kwalin sabon takalmi, daga nan ruwa ya isa bawul ya sa tsatsa. Ƙurar hunturu a Arewa kan toshe matata, ta kuma maƙale a naɗin roba tana gogar ta. Zafi na busar da roba ta tsattsage. Motar da ta fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara kuwa, tana iya isowa da tsatsarta tun daga can.

Wajibi ne a kiyaye rai yayin wannan aiki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin irin wannan mota ba tare da an tokare ta da ƙarfe ba, domin tana iya sauka cikin ƙiftawar ido. Haka kuma ba a sauke motar daga jak a kan jakar da babu iska a ciki, saboda robar kan naɗe ba daidai ba ta lalace tun tana sabuwa.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Bayan an gano inda cutar take, zaɓi uku ne a gaban mai mota. Na farko, sabuwar jaka ko ƙafa, wadda ake so a canza biyu-biyu, dama da hagu, tunda tare suka tsufa. Na biyu, ta tokumbo, wadda ta fi araha, sai dai roba ce da ta riga ta yi shekaru, kuma ba kasafai irin wannan roba ke wuce shekara goma da ƙarfinta ba. Na uku, cire tsarin ɗungurungum a mayar da motar kan sifirin na ƙarfe. Wannan ya kawar da fargabar wayar gari a ga mota a kwance, amma an rasa damar ɗaga ta a hanya maras kyau, bayanta zai riƙa sauka in an yi lodi, kuma sai an sa wata 'yar na'ura kafin fitilar gargaɗi ta mutu. Ga mai yawan doguwar tafiya zuwa inda babu gwanin wannan gyara, zaɓin na da ma'ana. Ga dillali kuwa, amana ta wajabta ya shaida wa mai saye cewa an yi wannan canji.

Shi kuma mai niyyar saye, kada ya yarda a nuna masa motar da aka riga aka tayar. Ya je da sassafe ya gan ta a inda ta kwana, ya saurari tsawon lokacin da kwamfaresa za ta yi tana aiki, ya gwada maɓallin ɗagawa, ya kuma sa a jona mata kwamfutar bincike. Duk abin da aka gano, a zare kuɗinsa daga farashi tun kafin a sallama, domin bayan an biya, gyaran ya koma wuyan wanda ya karɓi makulli.