Sauya Inji Ga Tsohon Jirgin Ruwa Na Faiba: Abubuwan Lura Kafin A Kashe Kuɗi

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi ga masu jigilar fasinja da kaya a ruwayen Legas, Fatakwal, Lokoja da Yawuri. Gangar jirgin faiba takan shekara 30 ko fiye tana aiki, amma inji ba ya kai haka. Saboda haka ɗora sabon inji a kan tsohuwar ganga yakan fi sayen sabon jirgi araha, muddin an bi ƙa'ida.

Abu na farko shi ne bangon baya, inda ake ɗaure injin. A yawancin tsofaffin jirage akwai katako a cikinsa, faiba ta lulluɓe shi. Idan ruwa ya shiga ta ramukan noti, katakon yakan ruɓe ba tare da an gani daga waje ba. Makaniki yakan ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma. Idan ƙarar ta fito a dushe, ko bangon ya lanƙwasa da aka danna injin, dole a sake katakon tukuna.

Na biyu, nauyi da ƙarfi. Inji mai bugu huɗu ya fi tsimin mai a kan tsohon samfuri mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, amma galibi ya fi shi nauyi. Nauyin kan danne bayan jirgin har ruwa ya riƙa shigowa. Haka kuma bai kamata a zarce ƙarfin dokin da maƙerin jirgin ya ƙayyade ba.

Na uku, tsawon ƙafar injin, wanda yawanci inci 15 ne, ko 20, ko 25. Wajibi ne ya dace da tsayin bangon baya, domin farfela ta zauna daidai cikin ruwa. Ita ma farfelar sai an zaɓe ta a gwaji, da kaya a cikin jirgin. Wadda ba ta dace ba tana wahalar da inji, tana kuma ƙara shan mai.

A cikin lissafi a sa kuɗin wanke tanki, sabon tiyon mai, batir, wayoyi da igiyar sitiyari, domin tsofaffin kan lalata sabon inji cikin ɗan lokaci. A kuma duba samuwar kayan gyara: an daina ƙera injin Evinrude a 2020, alhali kayan Yamaha sun wadata a kasuwannin ƙasar nan.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ce ke rajistar jirage da duba lafiyarsu. Ya kyautu mai jirgi ya tuntuɓe ta bayan kammala aikin, kafin ya soma ɗaukar fasinja.