Kyanwa A Zauren Malami Da Rumfar Ɗan Kasuwa

 Wannan bayani ne ga wanda ɓera ya dama har ya yi niyyar ajiye kyanwa, alhali kuwa bai taɓa ajiye ta ba.

Ɓarnar ɓera dai ba sai an faɗa wa malami ba. Ya kan shiga gafaka ya gaigaye tadarishi, ya yayyage takardun da aka shekara ana rubutu, ya yi sheƙa da su. A sito ya huda buhu, abin da bai ci ba ya ɓata shi da fitsari. Akwai kuma wadda ta fi wannan, watau zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a 1969 a garin Lassa ta ƙasar Barno, wanda wani irin ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin dabarun rage ɓera a gida, tare da rufe hatsi da kau da shara. Kyanwa kaɗai ba ta isa, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gara kuwa ba ruwan kyanwa da ita.

Amma tun kafin a kawo ta, sai mutum ya san nauyin da zai ɗauka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Yara ma sun haddace wannan hadisi, amma ba kowa ke lura da cewa ɗan kasuwan da ya kulle rumfa da kyanwa a ciki, ya tafi fatauci ko hutun Salla kwana uku, ya kusa aikata irin abin da matar nan ta aikata ba. Kyanwar da a ke kula da ita ta kan kai shekara 12 zuwa 15, wata ma ta zarce. Wanda ya ɗauki 'yar kyanwa ranar da ɗansa ya shiga makarantar allo, yaron zai yi sauka ita tana nan. Saboda haka matafiyi ya tanadi wanda zai riƙa ba ta ci da sha a bayansa, in babu, ya haƙura da ita, ya sayi tarko.

Ajiye ta halal ne, babu saɓani. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, daga 'yar kyanwar da ya ke ɗauka ya sami alkunyarsa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Abu Katada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, ya kafa hujja da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kore mata najasa saboda tana cikin masu kai da kawowa a gida. Don haka ragowar ruwanta mai tsarki ne, sai fa in an ga najasa a bakinta sa'ad da ta ke sha. Masu tarihi kuma sun ce Sarki Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Zancen ciniki ne a ka yi saɓani a kansa. Muslim ya ruwaito hani ga cin kuɗin kyanwa, waɗansu malamai suka tsaya a kan zahirinsa, jamhuri kuwa suka halatta sayar da mai amfani, suka ɗauki hanin a kan karhanci. A ƙasar Hausa abin ya zo da sauƙi, gama galibi kyauta a ke samun ta wurin maƙwabta.

To, wajen zaɓe, kada a yi gaggawar raba 'ya da uwa. Kyanwa ta kan yi kwana 63 zuwa 65 da ciki, 'ya'yan su buɗe ido bayan mako guda ko kwana goma, amma ba su isa yaye ba sai sun cika mako 8. Wadda aka ɗauke tun ba ta kai ba ta kan tashi da rauni da tsoro. A duba idonta ya zama garau ba kwantsa, hanci ba majina, kunne ba baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ƙaton ciki a jikin ramammiya alamar tsutsa ce. In an ga inda gashi ya zube ya yi da'ira, makero ne, yana kuwa kama yara. A fi son wadda in an miƙa mata hannu ta matso ta sansana, don ita ce ta saba da mutane. Launi ba shi da wani hukunci. Masu cewa baƙar kyanwa mayya ce su kan sa yara su jefe ta, alhakin kuwa yana kan wanda ya koya musu. Haka kuma zancen da a ke yi wai gashinta na kawo tarin fuka: wannan ciwo ƙwayar cuta ke kawo shi, daga tarin mai shi a ke ɗauka. Gaskiyar da ke ciki ita ce akwai waɗanda zama da kyanwa ke tayar musu da atishawa ko asma, gidan da ke da irinsu ya fi kyau a bar ta a sito.

Ran da aka kawo ta, a sa ta a ɗaki guda na 'yan kwanaki, tare da ruwa da abinci da wurin ɓuya, har ta san gida. A aje mata tsohon kwano mai faɗi cike da yashi, nesa da abincinta. Binne kashi ɗabi'arta ce, ba ta bukatar bulala. Wannan kwano ya fi kome muhimmanci ga malami, domin ko da ya ke jikin kyanwa da yawunta masu tsarki ne, fitsarinta da kashinta najasa ne a mashhurin mazhabar Malik. In ba a yi mata wuri ba za ta zaɓa da kanta, watakila buzun salla, watakila bayan littattafai. A riƙa kwashewa kullum. Akwai wata ƙwayar cuta da kan fita cikin kashinta, ba ta zama mai kamu sai ta kwana ɗaya ko fiye a waje, tana kuwa cutar da ɗan tayi. Saboda haka mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, mai yi kuma ya wanke hannu da sabulu.

Abinci ne inda galibin masu ajiye ta ke kuskure. Sun ɗauka in an bar ta da yunwa za ta fi kamun ɓera. Ba haka ba ne. Farauta jininta ce, ƙosasshiya ma tana yi, mayunwaciya kuwa sai ta koma satar nama a madafa, ko ta bar gidan. Kuma kyanwa maciyar nama ce tsantsa. Akwai wani sinadari a cikin nama da kifi mai suna taurin, wanda jikinta ba ya iya yin isasshe. A 1975 masana suka tabbatar rashinsa na makantar da ita, a 1987 suka gano yana raunana mata zuciya. Ashe wanda ke ba ta ragowar tuwo kaɗai bai ciyar da ita ba. Ba sai an sha wahala ba, guntayen nama daga mahauta, da kan kifi, da kayan cikin kaza, da dafaffen ƙwai sun wadatar, a dafa, a zare ƙashi mai tsini. Babba sau biyu a yini, ƙarama sau uku ko huɗu. A watan azumi a tuna ba a wajabta mata ba. Madarar shanu, duk da ƙaunar da ta ke yi mata, ta kan sa manya da yawa zawo. Ruwa shi ne abin shanta, kada ya yanke, balle da bazara. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka miyar da ta sha su ba tata ba ce.

Abu biyu ke kashe kyanwa a hannun mai ƙaunarta. Na fari farasitamol, wanda mutum ke sha don ciwon kai: ƙwaya guda ta isa ta halaka ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Na biyu guba. Wanda ya ajiye kyanwa ya bar zuba maganin ɓera, gama in ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci. Haka nan maganin ƙuma na karnuka da maganin feshin gona, ba a shafa mata su.

In ta cika wata 3 a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsa, a tambayi ranar maimaitawa. Wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kusan duka ta hanyar kare ne, amma kyanwar da ke yawon dare tana iya ɗaukowa. Ba kowace ce kyanwar Lami ba. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa, balle baƙuwa ko wadda halinta ya sāke farat ɗaya, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti a ranar, don in alamun ciwon suka bayyana magani ba ya cim masa. A kuma hana yara jan wutsiyarta da ɗaure mata wuya da igiya.

Saura zancen haihuwa. Macen kyanwa ta kan balaga tun tana wata 5 ko 6, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya huɗu ko biyar. Kafin mai gida ya farga sun cika gida, sai a ga an zuba su cikin buhu an jefar a juji, wannan kuwa zalunci ne. Muzuru shi kuma yawo da faɗa da fitsari a bango, wani har da 'yan tsakin maƙwabta, abin da kan jawo ƙara gaban mai unguwa. Likitocin dabbobi suna yin aikin hana haihuwa bayan sun sa dabbar barci. Risala ta Ibn Abi Zaid ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda maslaha, ta kawo hani game da dawaki, malaman baya kuma da dama sun yi rangwame ga kyanwa in an yi don kau da cuta, ba tare da azabtarwa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da wannan ba, ya nemi gidajen da za su karɓi 'ya'yan tun uwar tana da ciki, ya kuma bar su wurinta har su cika mako 8 kafin ya raba.