Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Tafiya a Jirgin Sama

Kowace shekara, in kaka ta yi aka sayar da auduga da masara, mutanen Funtuwa da Malumfashi da yawa sukan ɗaura niyyar sauke farali. Abin da suka fi tambaya shi ne, shin ina nisan Jidda, kuma sa'a nawa jirgi yake yi a hanya?

To, daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe sosai, wajen mil 2,100 ne, wato kilomita 3,400 da ɗoriya. Daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kuwa ya ƙaru kaɗan, kamar mil 2,150. Don a gane sarai, mutum ya ƙaddara tafiya daga Funtuwa zuwa birnin Katsina, wadda take wajen kilomita 200. Sai ya yi irinta sau goma sha bakwai kafin ya cika wannan nisa.

Jirgin yakan nufi gabas maso arewa, ya wuce ta kusa da Tafkin Cadi, ya ratsa ƙasar Cadi da Sudan, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya. Kusan hanyar da kakanninmu suka bi ke nan a ƙasa, da jaki da raƙumi. Waɗansunsu sukan yi shekaru suna tafe, suna tsayawa ƙwadago a gonakin Sudan, waɗansu ma can suka zaune har abada. Jirgin sama bai taɓa sauka Kano ba sai a 1925.

Jirgin zamani yakan ci kilomita 850 cikin sa'a guda, saboda haka tafiyar sa'a huɗu ce da 'yan mintoci. Amma fa matuƙi ba ya bin inda ya ga dama, sai inda ƙasashen da ke ƙarƙashinsa suka yarda. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 1923 da ɗari, wato 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka yi zagaye. Tafiya ta yi tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin ɗaukar alhazai kuma ya hau.

Akwai wani abu da ke rikita mutane. Agogon Makka yana gaba da namu da sa'a biyu. Wanda ya tashi Kano da ƙarfe goma na safe, ya yi sa'a huɗu a sama, zai tarar ƙarfe huɗu na yamma ta yi a Jidda, alhali agogonsa yana nuna ƙarfe biyu. Ya kamata ya gyara shi nan take, don kada lokacin salla ya kuɓuce masa.

Mai shan magani kullum ya riƙe shi a jakar hannu, don ba a buɗe manyan kaya sai an sauka. Tsofaffi su riƙa shan ruwa, suna ɗan miƙe ƙafa. Batun inda za a ɗaura harami kuwa, a tambayi malamai tun a gida.

Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.