Idan Maigida Ya Dawo Kan Keke A Gajiye: Abin Da Za Ki Lura Da Shi

Uwargida, tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka koma kan hanya. A Sheme, inda hanyar Ƙanƙara ta haɗu da ta Funtuwa zuwa Gusau, za ki ga dattawa masu shekara hamsin ko sittin ɗauke da buhun masara a bayan keke. Ga matsalar tsaro da ke sa kowa ya taka da ƙarfi don ya shiga gida kafin Magariba. Wataƙila maigidanki ko Baba na cikinsu.

Ki sani, jikin dattijo ba ya warware gajiya da wuri kamar na saurayi. Daga shekara 30 tsokar jiki kan fara raguwa a hankali, bayan shekara 60 kuma raguwar ta ƙaru. Tsamin jiki yakan yi tsanani ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aiki mai nauyi, shi ya sa yake kuka da cinyoyinsa kwana biyu bayan cin kasuwa. Jin ƙishirwa ma yana raguwa da shekaru, sai ruwan jikinsa ya yi ƙasa bai sani ba, musamman a zafin Maris zuwa Mayu.

Da ya shigo, ki fara miƙa masa ruwa ko bai nema ba. Idan ya zubar da gumi sosai, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Sannan abinci mai gina jiki: fura da nono, wake, awara, ƙwai ko kunun gyaɗa. Tuwo kaɗai ba ya gyara tsoka. Ki lallaɓa shi ya huta kwana ɗaya ko biyu kafin wata doguwar tafiya, buhu kuma a raba shi sawu biyu.

Abin da ya fi damunmu a asibiti shi ne "haɗin gajiya" na kemis. Sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki. Shan su a jikin da ruwa ya yi ƙaranci na iya lahanta ƙoda, ya tayar da gyambon ciki, ya kuma ɗaga hawan jini.

Wata gajiyar kuma ba ta keke ba ce. Idan yana jin nauyi ko ciwo a ƙirji, numfashi na yi masa wuya yana zaune, ƙafafunsa sun kumbura, fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, maganarsa ta harɗe, ko kasala ta wuce kwana uku, kada ki tsaya jiƙo. A kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, a auna jininsa da sukari.

Maza da yawa ba sa faɗin ciwo, don kada a ce ƙarfinsu ya ƙare. Ke ce za ki fara ganin ya bar rabin tuwonsa, ko yana sallah a zaune. Wace dabara kike bi har naki ya yarda ya huta? Ki faɗa wa 'yan'uwa mata a ƙasa, mu ƙaru da juna.